Fayil Biyu, Zare Ɗaya

Shagon gugar yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene. Faɗinsa taku huɗu, zurfinsa taku shida. A ciki akwai tebur mai shimfiɗar bargo uku, da dutsen guga biyu, ɗaya na lantarki, ɗaya na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta, sai igiyar da ake rataye kayan da aka gama. Shekara ashirin da shida ke nan mutum ɗaya ke tsayuwa a bayan teburin nan. 'Yan layin suna ce masa Mai Guga. A gida kuwa Auta ake kiransa, duk da furfura ta cinye rabin gemunsa, domin su biyu kaɗai mahaifiyarsu ta bari a duniya, shi da wansa.

Wan nasa direban babbar mota ne, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin murya, wanda ake jin dariyarsa kafin a ga fuskarsa. In ya dawo daga tafiya ba ya isa gida sai ya biyo ta shagon, ya zauna a kan kayan mutane.

"Kai Auta, a ce mutum ya ƙare rayuwarsa yana shafa wandon wasu?"

"Gara ni, Yaya. Wando ba ya faɗawa rami da ni. Ɗaga mini rigar malamin makaranta, ka zaune ta."

"Ka sake goge ta mana. Aiki nake samo maka, kana butulci."

Yaya yana da shekara arba'in da bakwai ƙafafunsa suka fara kumbura, har takalmi ya ƙi shiga. Kafin a gane bakin zaren, ƙodojinsa biyu sun tsaya. Wata goma sha huɗu ana yi masa wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, kuma Auta ne ke rufe shago ya kai shi. Ya ga yadda ƙaton mutum ke komawa kamar rigar da aka matse aka manta ba a shanya ba. Ranar da likita ya ambaci dashe, Auta bai jira an ƙarasa bayani ba, ya naɗe hannun riga. Aka gwada jininsu, ya dace.

Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce yawancin waɗanda suka ba da ƙoda suna rayuwarsu lafiya da ɗayar, amma ɗayar nan za ta ɗauki aikin biyu har ƙarshen rai, don haka sai an riƙa leƙa ta. Ya lissafa masa abu uku a yatsa. Ya zo duk shekara a auna jininsa da fitsarinsa da hawan jini. Ya guji maganin ciwon jiki irin na kemis, sai wanda aka rubuta masa. Ya sha ruwa, ya rage gishiri. Auta ya yi ta gyaɗa kai, amma hankalinsa yana kan gadon da ke bayan labule. Ya ji maganar ne kamar yadda mutum ke jin ana kiran fasinjojin garin da ba shi za shi ba.

Ta hagu aka cire. Kwana uku bayan aikin aka turo shi a keke zuwa ɗakin Yaya. Ya same shi kwance, fuska ta washe, bakin nan ya dawo.

"Auta, me ka zuba a cikin abin nan? Tun da aka sa mini ita nake jin ina son ninke bargo."

"Ka dai riƙe mini ita da kyau. Aro na ba ka."

"Aro? To, ranar da ka shirya ka zo ka karɓa."

Suka yi dariya har ɗinki ya hana su, matar Yaya tana ta cewa su rufa mata asiri kada nas ta kore ta.

A asibitin nan akwai wani tsari da aka daɗe ana bi, kuma ba da mugun nufi aka kafa shi ba. Wanda ya ba da ƙoda ba a buɗe masa kati na kansa. Takardunsa ana sa su a siririn fayil, a ɗaure da farin zare a bayan fayil ɗin wanda aka dasa wa, lamba ɗaya, domin in likita ya buɗe ɗaya ya ga ɗayan. Duk ranar da Yaya ya zo ganin likita, fayil biyun tare suke fitowa. Su zauna a dogon bencin da ke jikin taga, Yaya a dama, Auta a hagu. A kira lamba, Yaya ya miƙe, Auta ya bi bayansa riƙe da ledar magani. In an gama da Yaya, nas ta juyo ta ce, "Kai ma miƙo hannun." Ta auna, ta ba shi 'yar kwalba, ta rubuta. Shekara shida ana duba Auta, bai taɓa ɗauka don kansa ya je ba. Shi a ganinsa ɗan rakiya ne da ake yi wa kara.

A shekara ta shida Yaya ya kamu da tari. Maganin da yake sha don kada jikinsa ya ƙi ƙodar yana rage ƙarfin jiki wajen yaƙi da cuta, sai tarin ya sauka huhu. Kwana tara ya yi a gado. A rana ta goma da hantsi aka kai shi makwanci.

Auta yana cikin mutum ukun da suka shiga ramin suka karɓe shi. Da suna gyara masa kwanciya, hannun Auta ya sauka a kan mararsa ta dama, daidai inda tabon dashen yake. Ta cikin likkafani ya ji tudun wurin. Ya san abin da ke ƙarƙashin tafinsa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana yawo da ita a jikinsa. Sai da wani ya taɓa kafaɗarsa ya ce ya fito, za a rufe.

A wajen zaman gaisuwa wani dattijo maƙwabci, wanda bai san Auta na bayansa ba, ya ce da na kusa da shi, "Ai dama ƙodar wani ba ta zama a jikin wani. In ba mai kyau aka samu ba, sai dai a ja kwana." Auta ya ɗauki maganar ya ajiye a ransa, bai nuna wa kowa ba. Shi mutum ne da in ya ƙona rigar mutum ba ya jira a gano, da kansa yake faɗa. Yanzu ga shi ya ba wansa kaya, kayan ba su yi ƙarko ba, kuma babu wanda zai je ya ba haƙuri.

Daga ranar ya fara jin sanyi a kwiɓinsa na hagu. Shagon guga wuri ne da ko a lokacin sanyi gumi ake yi, amma wannan gefen, faɗin tafin hannu, kullum kamar an manna masa jiƙaƙƙen tsumma. In ya tsaya cak yakan ji kamar sanyin ƙasa ne, irin na ramin da aka haƙa da safe. Wani lokaci yana cikin fesa wa riga ruwa sai ya tsinci kansa yana lissafi: yau watanni kaza ke nan ƙodarsa tana can, shi yana nan. Wani ɓangare nasa ya riga shi kwanciya, yana jiran sauran.

Asibiti kuwa bai sake takawa ba. Ba wanda ya kira shi, shi ma bai ga abin da zai kai ɗan rakiya wurin da babu wanda zai raka ba. Ko a mota in an biyo ta gaban ƙofar, sai ya sunkuyar da kai yana duba faratansa.

Tsayuwar shekaru ta fara cin bayansa. Mai kemis ɗin da ke bakin layi ya ba shi wasu ƙwayoyi, biyu da safe, biyu da la'asar, suka yi masa daidai, ya mayar da su abokan aiki. Ruwa kuma ya rage sha da gangan, domin banɗakin da masu shaguna ke amfani da shi yana can ƙarshen layi, kuma duk fita sai ya kashe dutse ya ja ƙofa. A shekara ta uku ƙeyarsa ta fara sarawa da rana. A ta huɗu ya ga kumfa a fitsarinsa, wadda ba ta bajewa. Sannan madaurin silifas ya fara barin sawu a bayan ƙafarsa.

Ba sai an gaya masa ma'anar waɗannan ba. Ya gan su ɗaya bayan ɗaya a jikin Yaya. Matar Auta ta yi masa magana sau biyu, ya ce tsayuwa ce. A ransa kuwa ya riga ya yanke: ƙodar da ta rage ce take jin kiran 'yar'uwarta. Har wani sauƙi yake ji in ya tuna haka, kamar wanda aka ce masa hukuncin da yake jira ya kusa.

Wata Laraba da hantsi matar Yaya ta shigo shagon da ƙullin kaya a ka. Ta dire shi a kan tebur. Shekara huɗu da wata biyu kayan mijinta suna cikin akwati, sai yanzu ta iya buɗewa. Tana so a goge su kafin ta rabar.

"Ka yi musu guga ta mutunci, ƙanin miji. Ban da irin wadda kake yi wa mutanen layi."

"Ke da ko ɗankwali ba ki iya gogewa, yau ke ce mai duba aiki?"

"Na auri wanka ne don in huta, ba don in koyi sana'arka ba."

Ya kwance ƙullin. Ƙamshin ya fara isowa kafin komai, man inji da turaren da Yaya ke so, sun tsufa tare a cikin zare. Mai guga ba ya ɗora dutse sai ya laluba aljihu, wannan ƙa'ida ce. A aljihun ƙirji na wata shuɗiyar riga yatsunsa suka taɓa abu mai kauri. Katin asibiti ne, gefensa ya lanƙwashe, lambar tana nan raɗau. Ya tsaya riƙe da shi.

Ita ba katin take kallo ba. Ta sunkuya ɗaukar hular da ta faɗi, idonta ya sauka a kan ƙafafunsa. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, wasa ya bar fuskarta.

"Auta. Tun yaushe?"

"Tsayuwa ce."

"Ni za ka gaya wa tsayuwa? Wata goma sha huɗu ina wanke irin ƙafar nan da ruwan ɗumi. Yaushe rabonka da asibiti?"

Ya juya katin a hannunsa.

"Tun da aka kai shi?" Ta dafa teburin. "Innalillahi. Kai wane irin mutum ne? So kake in sake zama a bakin gadon nan? Na ga na wa, yanzu in ga na ƙane?"

"Yaya ya ce in na shirya in zo in karɓa," ya ce, a hankali, yana kallon katin.

"Wasa yake yi, kai ma ka sani! Mutumin da ko gaisuwa sai ya sa mata wasa." Ta nuna dutsen gugar. "Kashe dutsen nan. Wallahi ko ka kashe ko in zuba masa ruwa."

Ya kashe.

A tagar ɗakin kati wata matashiya ta karɓi katin, ta buɗe babban littafi, ta bi lambobi da yatsa. Yatsan ya tsaya a kan layin da aka ja wa jan biro.

"Mai lambar nan ai ya rasu, Baba."

"Mun sani, mu muka kai shi," in ji matar Yaya. "Na wannan muke nema. Shi ya ba shi ƙodar."

"Lamba ɗaya ce. In an rufe ta an rufe." Ta dubi Auta, ta sake duban littafin, kamar tana neman wanda ya yi kuskure tsakaninsu. "Fayil ɗin mamata ba ya zama a nan. Ƙasa ake kai su."

Aka kira wani dattijon ma'aikaci mai tarin makullai a ƙugu. Ya saurari bayanin har ƙarshe bai katse ba, sannan ya ce su biyo shi. Matakala goma sha bakwai suka sauka. Ɗakin dogo ne, ba taga, ƙwan fitila ɗaya, kantoci daga ƙasa har rufi, kowanne maƙare da fayil an jera su a kan gefe, kafaɗa da kafaɗa. An rubuta shekara a goshin kowace kanta. Wurin yana da sanyi, kuma Auta ya gane sanyin tun daga matakala ta goma. Shi ne wanda yake ɗauke da shi a kwiɓi.

Dattijon ya tambayi shekara da wata. Ya ja tsani, ya hau, ya sauko da fayil mai kaurin bulo, ya busa ƙurar. A bangonsa an buga jan hatimi. Ya juya shi. A baya, ɗaure da zaren da ya koma ruwan ƙasa, ga siririn fayil, ba hatimi, ba komai, sai sunan Auta.

"Shekara huɗu kana kwance a nan, malam," dattijon ya ce. Bai yi dariya ba. "Wanda ya kawo shi bai juya bayan ba. Wataƙila ma ni ne."

Suka hau da shi wurin likita. Ba wanda ya yi aikin ba ne, wata ce sabuwa mai tabarau. Ta fara buɗe siririn. A shafin ƙarshe akwai rubutun da aka yi wata biyu kafin tarin Yaya. Ta karanta a fili: jinin mai bayarwa ya fara hawa, a dawo da shi bayan wata uku, a kira shi in bai zo ba. Lambar wayar da ke bangon ta Yaya ce.

Auta bai nuna ya ji ba. Ya ɗora hannu a kan babban fayil ɗin.

"Likita, wannan nake so ki duba mini. Ƙodar da na ba shi. Ita ce ta kashe shi?"

Ta dube shi ta saman tabarau, sannan ta buɗe daga baya. Ta daɗe tana juya shafi. Ta juyo da fayil ɗin gabansa, ta sa biro a kan wani layi, ko da yake lambobin ba su ce masa komai ba.

"Wannan gwajin kwana ɗaya ne kafin ya rasu. Huhunsa ya gaza, zuciyarsa ta gaji. Ƙodar kuwa tana aiki. Har ranar ƙarshe tana aiki. Kaya mai kyau ka ba shi."

Matar Yaya ta ja gyale ta rufe fuska. Auta ya janye hannunsa, ya ɗora a kan gwiwa. Shekara huɗu yana neman wanda zai ba haƙuri, yanzu an ce ba laifin. Bai san inda zai ajiye abin da ya ɗauko ba.

Sakamakon nasa ya fito bayan kwana biyu. Likitar ba ta yi masa kwana-kwana ba. Jininsa ya hau sosai, kuma ya daɗe a sama. Ƙodar ta ji jiki, ƙwayoyin kemis da ƙishirwa sun ƙara mata. Abin da ya lalace ba zai dawo ba. Amma bai kai ga wanki ba, kuma in ya riƙe magani, ya bar ƙwayoyin, ya zo duk wata uku, akwai kyakkyawan zaton za ta kai shi nesa. Ba ta yi masa alkawari ba. Ta ce da ya ƙara shekara ɗaya, da wata maganar suke yi.

Dattijon mai makullai ne ya raba fayil ɗin. Ya ɗauko almakashi, Auta ya riƙe masa hannu.

"Kwance shi, don Allah. Kada ka yanke."

Ƙullin ya shekara goma, ya cije. Dattijon ya nemo allura, ya zauna, ya yi ta tsokanarsa har ya saki. Ya miƙa wa Auta zaren ba tare da ya tambayi me zai yi da shi ba. Aka rubuta sabon kati, lamba sabuwa. Babban fayil ɗin ya koma ƙasa shi kaɗai, kuma Auta ya tsaya a bakin matakalar har ya ji an rufe ƙofa.

Ya goge kayan Yaya a ranar Asabar, guda ashirin da uku, shuɗiyar rigar a ƙarshe. Yanzu akwai gorar ruwa a ƙarshen teburin, kuma sau huɗu a yini ana ganin ƙofar shagon a jaye, ya tafi ƙarshen layi. Ciwon bayan yana nan, ya koyi zama a kan kujera tsakanin riga da riga. Sanyin kwiɓin ma bai tafi ba. Ya daina tsammanin zai tafi. Zaren yana cikin aljihunsa na ƙirji, a naɗe a jikin katin.

Da wata uku suka cika ya koma, matar Yaya ta raka shi don ta ce ba ta yarda da shi ba. Ya zauna a dogon bencin da ke jikin taga, a hagu, ya bar wurin mutum ɗaya a damansa. Wata mata ta zo za ta zauna a wurin, ta dubi fuskarsa, ta wuce gaba.

Nas ta leƙo ta kira lamba. Ba wanda ya motsa. Ta sake kira. Auta yana zaune, ledar magani a hannu, ya ɗan karkata dama, yana jiran a fara miƙewa ya bi baya.

"Auta," matar Yaya ta ce daga inda take tsaye. "Kai ake kira."

Ya dubi wurin da ya bari. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan katakon. Nas ta kira karo na uku. Ya dafa bencin, ya miƙe, ya shiga.